Rafali Bai Busa Ba

Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira, to ku yi mini afuwa, wannan makon alƙalamin ya ƙi tafiya. Wani abu ne ya faru a gidana lokacin dogon hutun da ya wuce, ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi, na ga in ban fitar da shi ba babu abin da zan iya rubutawa.

Mu a Unguwar Kanawa muke zaune a nan Kaduna. Wanda ya san wajen ya san tsohon mazaunin makarantar hafsoshin soja ta NDA maƙwabcinmu ne, shi ya sa kusan duk yaron da ya tashi a layinmu da burin kaki yake tashi. Bayan kaki kuma sai ƙwallo. Duk dogon hutu samarin unguwa sukan haɗa gasa, layi da layi, kowace ƙungiya ta zuba kuɗinta a sayi kofi, har kwamiti gare su na manyan yayyensu masu yanke hukunci in rigima ta taso.

Ɗana na fari, kun san dai ba zan kama sunansa ba, shekararsa 17, shi ne lamba biyar ɗin layinmu. Allah Ya ba shi ƙira irin ta dangin ubansa, ga tsawo ga faɗin ƙirji, abokansa har Katanga suke ce masa.

Wata Asabar bayan la'asar ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, sai ga ƙaninsa ya faɗo da gudu ko sallama babu.

"Umma! Umma! Yaya ya karya ɗan gidan Hajiya!"

Gabana ya yanke ya faɗi, rariyar ta suɓuce daga hannuna. Hajiyar da yake nufi gida uku ne tsakaninmu, shekara 15 muna zaman mutunci, ita ta yi mini wankan jego na autana. Mijinta ya rasu, wannan yaron shi ne babba a wajenta.

Yadda waɗanda suka gani suka faɗa, ƙwallo ce aka jefo gefen fili, yaron ya bi ta da gudu kansa a sama yana kallonta, nawa ya zo ta gefe ya sa masa kafaɗa. Ya tashi sama ya faɗo a kan kafaɗarsa ta dama, filin kuwa kun san irin namu, tsandauri ne da tsakuwa. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye. Rafali bai busa ba, hannu ma ya kaɗa alamar a ci gaba da wasa, sai da ihun yaron ya tsayar da kowa.

Washegari kwamiti ya zauna, suka dakatar da ɗana har ƙarshen gasar. Nan gidana ya kama da wuta. Babansu ya ce zalunci ne, tunda alƙalin da ke cikin fili ya ce babu laifi, waɗanda ke zaune kan benci da wane ido suka ga laifin? Kawunsa, ƙanina, wanda ya taɓa yin alƙalancin ƙwallo, ya zo ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce a doka ta 12 ta ƙwallon ƙafa sa kafaɗa halas ne matuƙar ƙwallon tana kusa. Ba ya zama laifi sai an yi shi da sakaci, a ba da bugun tazara, ko da ganganci, a ba da katin gargaɗi, ko da ƙarfin da ya wuce kima, a ba da jan kati. Ya ce rafali ya duba bai ga ko ɗaya ba, magana ta ƙare.

Ni dai ban ce komai ba. Kunyar ɗan fari ta hana ni tsaya masa a gaban mutane, amma a cikin zuciyata wallahi ina bayansa.

Da daddare yaron ya shigo ɗakina da waya a hannu, idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Ya ce, "Umma don Allah dubi wannan. A ƙasar Turawa ma haka ake yi, har biyan mutum ake ya yi."

Na karɓa na duba. Wasu ƙarti ne cikin hular kwano da rigunan sulke suna sulu a kan daskararriyar ƙanƙara, takalmansu da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, kowa da sanda, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba. Sai ka ga ƙato ya kwaso gudu ya maka ɗan uwansa da katangar fili har gilashi ya girgiza, 'yan kallo su tashi da sowa. Hokin ƙanƙara ke nan, wasan da mutanen Kanada suke ji da shi kamar yadda muke ji da dambe. Ya ce, "Kin gani? Wannan duk halas ne."

Bayan ya fita barci ya ƙi zuwa. Na ɗauki tawa wayar na shiga karance-karance a kan wasan, niyyata in samo hujjar da zan kare ɗana da ita. Abin da na tarar ya bambanta da abin da na je nema.

Gaskiya ne, a babbar gasarsu ta NHL, mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada, doka ta yarda ka bangaje abokin karawa da kafaɗa ko ƙugu. Amma da sharuɗɗa. Sai wanda faifan ke wajensa ko yanzu ya rabu da shi. Ba a zuwa ta bayan mutum, ba a sa gwiwar hannu, ba a daka tsalle a faɗa masa. Wanda ya saɓa, a fitar da shi ya zauna minti 2 ko 5, ko a kore shi daga wasan baki ɗaya. Sannan bayan an tashi, hukumar gasar tana sake duba hoton, tana iya cin mutum tara ko ta dakatar da shi ko da alƙalin fili bai ga komai ba. Ashe abin da kwamitin unguwarmu ya yi ba su suka fara ba.

Labari biyu ne suka sa jikina ya yi sanyi. Na farko ya faru ranar 7 ga Maris 2010. Wani ɗan wasan Boston mai suna Marc Savard ya buga faifan ke nan, idonsa na kan inda ya tafi, sai Matt Cooke na Pittsburgh ya zo ta gefen da ba ya gani ya same shi a kai. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi, ƙwaƙwalwarsa ta bugu. Alƙali bai hukunta Cooke ba, hukuma ma ta duba ta ce babu dokar da ya karya a yadda take rubuce a lokacin. Mutane suka yi ca, kafin watan ya ƙare aka kawo sabuwar ƙa'ida da ta hana dukan kai ta inda mutum ba ya gani, ita ce ta zama doka ta 48. A 2011 aka faɗaɗa ta, aka kuma kafa sashe na musamman mai kula da lafiyar 'yan wasa a ƙarƙashin Brendan Shanahan, wanda ya riƙa fitar da bidiyo yana bayyana dalilin kowane hukunci. Shi kuwa Savard ya dawo, ya sake buguwa a kai a Janairun 2011, daga nan bai ƙara buga wasa ba. Wato ranar da aka nakasa shi abin halas ne, bayan 'yan makonni ya zama haram, amma wannan bai mayar masa da lafiyarsa ba.

Na biyu ya girmi wancan. A Fabrairun 2004 Steve Moore na Colorado ya bangaje kyaftin ɗin Vancouver, Markus Naslund, ya ji masa ciwo, alƙali da hukuma duk suka ce babu laifi. 'Yan Vancouver suka ƙullace shi. Ranar 8 ga Maris Todd Bertuzzi ya biyo shi ta baya ya kai masa naushi, suka faɗi tare fuskar Moore a kan ƙanƙara, ƙasusuwa 3 suka karye a wuyansa, wasansa ya ƙare ke nan. Maganar sai da ta kai kotu, Bertuzzi ya amsa laifinsa a Disambar shekarar. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi in ji Hausawa.

Nan na tashi zaune. Na tuna tun yamma ƙaninsa yake ce mini samarin layin su Hajiya sun taru a bakin kwalbati suna ta ƙus-ƙus. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san inda irin wannan taron yake kai yara. Sai a lokacin na gane cewa dakatarwar da muke ta zagi ita ce ruwan da aka zuba wa wutar. Da kwamiti ya ce babu laifi ya bar shi ya shiga fili ran Laraba, Allah kaɗai Ya san a wane hali za a dawo mini da shi.

Na kuma tuna marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa. Shekarunsa da yawa yana kiwon dawakin masu ƙwallon dawaki a filin da ke kusa da dandalin Murtala, lokacin gasar kofin Georgian har yakan ɗauke mu mu je kallo. A wannan wasan ma doka ta yarda mahayi ya haɗa kafaɗar dokinsa da ta abokin karawa ya ture shi daga kan ƙwallo, in dai gudunsu ya zo ɗaya kuma bai shigo masa a gicciye ba. Baba yakan ce shi ba ya auna mahayi da yawan ƙwallon da ya ci. Yana duba ne ya ga in ya samu ɗan uwansa a sake, hankalinsa na wani waje, zai sassauta linzami ko zai ƙara ƙaimi.

Bayan sallar asuba na kira shi. Na rufe ƙofa, abin da ban taɓa yi da shi ba. Na ce, "Kai, ba rafali nake tambaya ba, ba kawunka nake tambaya ba. Tsakaninka da Allah, lokacin da ka nufo shi, ya gan ka?"

Ya yi shiru yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce, "Bai gan ni ba Umma."

"Kai ka san bai gan ka ba?"

"Na sani."

"Za ka iya cire ƙwallon ba tare da ka kai shi ƙasa ba?"

Sai hawaye shar. Ya ce tun farkon wasa yaron ya yanke shi sau biyu, na biyun ma ta tsakanin ƙafafunsa ya zura ƙwallon, duk filin aka kwashe da dariya har da 'yan mata. Ya ce shi bai yi nufin karya shi ba, so yake kawai ya ji a jikinsa, kuma ya san in ya yi da kafaɗa babu mai busa masa.

Jama'a, shekara 20 ina rubuta mugaye a littattafaina, kishiya mai bin bokaye, Alhaji mai yaudarar 'ya'yan mutane, duk da alamarsu a goshi yadda mai karatu zai gane su tun shafi na uku. Ban taɓa rubuta irin wannan ba, yaro mai ladabi mai sallah a kan lokaci, wanda ya san iyakar doka sarai ya tsaya daidai bakinta ya huce haushinsa. Laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango na wasu.

Ban dake shi ba, ban kuma zage shi ba. Na ce ya je ya faɗa wa babansa abin da ya faɗa mini da bakinsa. Babansu ya daɗe bai ce uffan ba, daga ƙarshe ya ce maganar zuwa wajen kwamiti neman a janye hukunci ta mutu.

Da hantsi na sa hijabina na tasa shi gaba zuwa gidan Hajiya. Tafiyar gida uku ce amma ji na yi kamar zan je Kawo a ƙasa. Mun tarar da yaron a jingine da bango, mai ɗori ya naɗe masa kafaɗa, fuskarsa ta faɗa. Hajiya ta shimfiɗa mini tabarma kamar kullum, ta ce, "Haba ƙanwata, ai tsautsayi ne, wasa ne, kowa ya ce ko busa ba a yi ba."

Da na yi shiru a nan da shi ke nan, an rabu lafiya. Na ce, "Yaya, ba duka ne tsautsayi ba. Ga shi nan, ya faɗa miki da kansa."

Ya durƙusa ya faɗa, muryarsa na rawa. Hajiya ta kawar da kai ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta gaya mana abin da ban sani ba: saura mako 3 yaron ya tafi gwajin shiga soja, ya cike takarda, kullum da asuba yana fita gudu. Da karyayyen ƙashi babu inda za shi, sai dai wata shekarar in da rabo. Ta ce ta yafe, amma ta faɗe shi ne da irin muryar da mace ta san ba a gama ba. Shi kuwa yaron bai ce komai ba, bai kuma kalli nawa ba.

Mun ɗauki kuɗin ɗori da na magani. Tun daga ranar ɗana ne yake ɗebo wa gidan ruwa, shi yake kai ƙannen yaron makarantar allo, shi yake zuwa mata cefane. Layinmu an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, abokansa suka ce rashinsa ne, wasu har yau suna cewa ni na ja. Kawunsa ma bai sauka daga kan bakansa ba, ya ce a doka dai yaron bai yi laifi ba. Na ce masa ban musa ba.

Yanzu ƙashin ya haɗe. Shekaranjiya da asuba na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, na leƙa ta taga sai na ga ɗan Hajiya ne da takalmin gudu. Nawa ya fito, ba su gaisa da baki ba, suka dai jera suka nufi titin Ali Akilu. Ni da Hajiya muna gaisawa, muna aika wa juna abinci, sai dai har yau ba ta sake shigowa ta zauna hira irin ta da ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Ku taya ni addu'a Allah Ya sa yaron nan ya samu shiga a ɗauka mai zuwa, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu.