Labulen Sama

A shekarar 2019, lokacin da motoci ke kwararowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano su ƙetaro kogin Isa a Gaya, tun kafin rufe iyakar da aka yi a 2023, wani tsohon malamin lakwal a Maraɗi ya tattara abin da ya samu cikin shekaru talatin na alli da allo ya sayi mota. Ta hannu ce, ta ci zamaninta a Turai, amma rufinta gilashi ne tun daga kan direba har kujerun baya. Irin wannan rufi ya yaɗu a can bayan da kamfanin Peugeot ya fito da 307 SW a 2002. Gilashin ba ya buɗewa. A ƙarƙashinsa akwai labule mai tafiya da lantarki, a danna maɓalli ya ja baya, a sake dannawa ya dawo. Waɗanda suka ƙera shi mutane ne da ke yin watanni suna begen rana. A ƙasar da ake gina zaure da kauri don a tsere mata, labulen nan shi ne rufin gaskiya, gilashin kuwa ado ne.

Shekara uku malamin bai buɗe shi ba. Sai daren da ake neman jinjirin watan azumi, a farkon Afrilun 2022, jikokinsa suka roƙe shi su kalli sama daga cikin mota. Labule ya ja baya yana ɗan kuka, yara suka yi ta shewa. Da aka zo rufewa ya tafi kamar taƙi ɗaya, ya tsaya, ya koma. Ya danna har sau goma. Daga nan ya yi abin da duk mai gaggawa kan yi: ya sa hannu biyu ya finciko shi. Wani abu ya ce ƙas a cikin rufin, labulen ya karkace gefe guda.

Da don kansa ne da ya haƙura. To amma ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin kai ta Tasawa ta duba ƙanwarta da ke kwance, tafiyar sama da kilomita 100 a watan da zafi kan haura digiri 40, ga shi tsohuwar ta rantse ba za ta ajiye azumi ba. Ya gwada shimfiɗa kwali a kan rufin ya ɗaure da igiya, iska ta kwashe shi kafin ya kai kasuwa. Wani bakanike ya ba shi shawarar a shafe gilashin da fenti a huta. Shawarar ba ta rasa hikima, sai dai malamin ya ji kamar an ce ya rufe idon jakinsa don kada ya ga hanya, ya yi godiya ya tafi.

Wanda ya gyara shi saurayi ne mai aikin wutar mota a gindin wani dogon yaro, kuma ya taɓa zama ɗalibinsa. Bai ɗauki ko sukudireba ba da farko. Ya shiga ya zauna, ya ce, "Mushe, ku danna in saurara."

Bayanin da ya yi daga baya ya fi darussa da yawa tsari. In aka danna aka ji shiru, laifin na wuta ne: fiyus ya ƙone, ko maɓallin ya mutu, ko waya ta tsinke. In ɗan injin yana gurnani labule bai motsa ba, haƙoran da ke tura wayoyin ƙarfe guda biyu masu jan labulen sun cinye. In kuwa ya taho ya koma da kansa, kamar yadda ya yi a daren wata, to lafiyarsa lau, biyayya yake yi. An koya masa cewa duk lokacin da ya ji turjiya ya ja baya, kada ya matse yatsan yaro. Ba ya bambance yatsa da ƙasa.

Ƙasar ce kuwa. Da saurayin ya cire fitilar tsakiya ya sassauto silin ɗin motar, sai ga ƴan hanyoyi biyu na alminiyam da labulen ke bi sun cika da wani baƙin ƙulli mai kauri. Hunturu uku na ƙurar buji sun haɗu da man giris na asali, zafi ya dafa su. Wannan ba ta buƙaci komai ba sai tsohon buroshin haƙori, tsumma da haƙuri. Ɓarnar da ta ci kuɗi ita ce ta hannun malamin: ɗan takalmin roba da ke riƙe bakin labulen a gefen dama ya karye gida biyu, robar da rana ta riga ta busar. Yaron bai faɗi wanda ya karya shi ba. Ya ɗora gutsattsarin a tafin hannun tsohon malaminsa kawai, yadda shi ma aka sha miƙa masa takardar jarrabawa ba tare da magana ba.

Ba a sayar da irin wannan takalmi a shago. Kwana biyu aka yi ana bin masu sayar da kayan tsoffin motoci kafin a samo shi a jikin wata da ta yi hatsari. Aka daidaita wayoyin biyu don su ja tare, aka shafa man silikon kaɗan, domin mai da yawa gayyatar ƙura ne. Saura abu guda: labulen ya manta iyakarsa. Saurayin ya kunna makulli, ya danne maɓallin rufewa bai saki ba, har labulen ya tafi a hankali ya taɓa gaba, ya koma baya, ya dawo, yana koyon inda tafiyarsa ke farawa da inda take ƙarewa.

Da aka zo biya ya ƙi karɓar kuɗin aiki, sai na takalmin. "Mushe, ku riƙa buɗe shi ko sau ɗaya a wata, da dare. Zaman wuri ɗaya ne ya kashe shi."

Suka kama hanyar Tasawa bayan sallar asuba, suka dawo da rana tsaka, domin marar lafiyar ta riƙe yayarta da hira. A wajen Gazawa tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi labulen, ta shafa shi da yatsa, ta tambayi ɗanta me ke bayansa. Ya ce gilashi ne, Inna. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ashe Nasara ma yakan gina ɗaki ya manta da jinka. Ta gyara mayafinta ta ci gaba da jan tasbaha.