Tsaunin Mambila: Makiyayar Da Kofato Ke Cinyewa

Matafiyin da ya baro Serti, ya wuce Mayo Selbe, ya kama hanyar nan mai murɗe-murɗe zuwa Maisamari, zai ji iska na sanyaya tun kafin ya kai bisa. Da ya ƙarasa hawa, sai ga tuddai kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido. Nan ne Tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, mai hedikwata a Gembu. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku.

Allah ya yi wa ƙasar nan baiwa. Damina ta kan kai wata 7 ko fiye, ga kuma rashin ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore. Shi ya sa Fulani suka yi ta kwararowa da dukiyarsu tun wajen shekarun 1940, har garuruwa irin su Nguroje da Mayo Ndaga suka bunƙasa da cinikin shanu.

To, amma kome zurfin ruwa da yashi a ƙasansa. Wanda ya dubi jikin tuddan da kyau zai ga layuka jere kamar matakala. Hanyoyin shanu ne, waɗanda kofato ya daddaɓe har ƙasa ta taurare, ba ta shan ruwa. In aka yi sama, sai ruwan ya gangara a guje, ya kwashe ƙasar sama mai albarka, ya bar jar ƙasa tsirara. Yau ƙaramin rami, baɗi kwazazzabo, lakar kuwa sai rafukan da ke zuba cikin kogin Donga.

Ciyawar ma ta sauya. Saniya mai daɗin take zaɓa, ta kan kuma cinye ta kafin ta zub da iri, saboda haka mai tauri ce ke gaje wurin. Ƙonar daji da ake yi da rani don neman toho ta ƙara tone asirin ƙasa.

Da tudu ya gaza, sai garke ya nufi kwari, inda Mambilawa ke noman masara da gwaza. Rigimar ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ta jawo asarar rayuka a 2002, aka kuma sake a 2017.

Maganin dai sananne ne: a daidaita yawan shanu da ƙarfin makiyaya, a riƙa hutar da fili bi da bi, a shata burtali, a dasa ciyawa a bakin kwazazzabai. Taɓo guda na ƙasar noma sai ya shekara ɗaruruwa yana taruwa, amma damina ɗaya ta isa ta tafi da shi. Wajibi ne hukuma da ardo-ardo da masu unguwanni su zauna tabarma ɗaya, domin in ƙasar ta mutu, ba mai sanda ba mai fartanya da zai ci moriyarta.