Kama da wane ba wane ba ne: abin da na gani a bakin ruwan Tiga



Shekaranjiya, bayan na idar da sallar asuba a Burumburum, na nufi gaɓar ruwan Tiga, madatsar nan da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, inda na iske fararen tsuntsaye sun yi sahu a bakin ruwa. Kuma da yake tun ƙuruciya duk farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu balbela nake kiransa, na kusa wucewa da wannan zato, sai da na zauna na ƙare musu kallo, sa'an nan ta bayyana gare ni cewa jinsi uku ne Allah Ya tara wuri guda.

Balbela ta haƙiƙa ita ce gajeruwar, mai kaurin wuya da rawayan baki, wadda ta fi son bin sawun shanu tana cafke farar da kofatansu suka tayar. Na biyun siriri ne, bakinsa baƙi, ƙafafunsa baƙaƙe, amma yatsunsa rawaya kamar ya taka gangamau, yana motsa laka da ƙafa domin ƙananan kifaye su fito. Na ukun kuwa shi ne farin zalɓe, dogo mai lanƙwasasshen wuya, baƙin ƙafa har yatsu, wanda yakan tsaya cik, ya yi haƙurin da babu irinsa, har kifi ya kawo kansa.

Irin wannan kamanni ba a nan kaɗai yake ba: a Kanada ma da arewacin Turai akwai waɗansu tsuntsayen ruwa masu nutso, jinsi biyar, waɗanda hoton ɗayansu yake kan kwandalar dala ta Kanada tun 1987. Idan hunturu ya shiga sai adonsu ya zube, duka su koma toka-toka da fari, har masana sukan rarrabe su ta kaurin baki da yadda kowanne yake ɗaga shi.

Wannan ya tuna mini da malaman hadisi, waɗanda suka keɓe fanni guda domin rarrabe maruwaitan da sunansu ya zo ɗaya alhali mutanen daban ne, har Khaɗibul Bagdadi ya wallafa littafi a kansa, saboda sun san cewa wanda ya yi hukunci da kamanni, bai tsaya ya yi tahƙiƙi ba, yakan jingina wa wani abin da ba nasa ba.

Don haka ina roƙonku, ku kai 'ya'yanku bakin Tiga ko gefen dajin Falgore, su ajiye danƙo a gida, ku koya musu duban baki da ƙafa da ɗabi'a kafin su ambaci suna. Yaron da ya saba da haka ga tsuntsu, da wuya ya yi wa ɗan'uwansa kuɗin goro.