Kunnen Makanike

Kowace mota tana da muryarta, kuma wanda ya daɗe yana tuƙa ta yakan san muryar nan kamar yadda uwa kan san kukan ɗanta a cikin taron yara. Ranar da wani baƙon sauti ya shiga cikin wannan murya, hankalin direba yakan tashi tun kafin ya san abin da ya faru. Daga cikin irin waɗannan sautuka babu mai rikita mutum kamar ƙarar nan mai kama da fashewar gugguru a tukunya, domin wurare da yawa a jikin mota suna iya yin ta, kuma tana da halin ɓuya da zarar an isa gareji.

Shekarun da na yi a Sabo ta Ibadan sun haɗa ni da wani dattijon makanike Bayarabe, wanda ya koyi aiki a zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna da Volkswagen a Legas, wato daga 1975. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, ni kuma Yarabancina na kasuwa ne, amma ba mu taɓa neman tafinta ba. Abin da yakan nema shi ne in kwaikwayi ƙarar da bakina, sa'an nan in gaya masa lokacin da take zuwa. A nan ne na ga ranar Hausa, domin harshen da ya bambance "fas-fas" da "ƙwas-ƙwas" da "ɗas" ya riga ya yi wa makanike rabin aiki.

A wurinsa na fahimci cewa lokacin zuwan ƙara ya fi ƙarfinta ba da labari. Idan "fas-fas" ta fito daga salansa sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, to man da bai ƙone a cikin inji ba ne ya kama wuta a cikin bututun hayaƙi mai zafi. Sau da yawa fulogi ne ya mutu, ko kuwa wata kafa ce a mahaɗar salansa take shigo da iska. Idan kuwa ƙarar ta gaba take fitowa, ta bakin kabureta, a daidai lokacin da aka taka totur, to mai ya yi ƙaranci a kan iska, ko wuta tana zuwa ba a kan lokacinta ba, ko bawul ba ya rufuwa sosai. A 504 wuta tana bin silinda ta 1, sai ta 3, sai ta 4, sai ta 2. Yaron gareji ya sauya wayoyi biyu kawai, sai mota ta yi ta harbi kamar bindigar toka. Akwai kuma 'yar "tas-tas" da akan ji bayan an kashe inji. Wannan ƙarfe ne yake hucewa, babu abin da za a kashe mata ko kwabo.

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, ina shirin kai iyalina Kano ta Ilori da Jebba da Mokwa, sai motata ta fara harbi ta salansa har masu talla suna waiwaye. Wani matashi ya jona mata na'urar bincike, irin wadda aka wajabta wa motoci gurbinta a Amurka tun 1996, ya karanto cewa silinda ta 2 tana tsallake wuta. Gaskiya ya faɗa, kuma sabon fulogi ya kashe wannan magana. Dattijon nan dai bai gamsu ba. Ya shiga ya zauna gefena, ya sa na sauke gilashi, na bi wani layi mai ramuka a hankali. Da tayar gaba ta hagu ta faɗa rami sai ya ɗaga yatsa. Wata "ɗas" ce guda ɗaya, ƙasa-ƙasa, wadda harbin salansa ya daɗe yana binnewa.

Ya sa na murɗe sitiyari har ƙarshe na yi kewaye, don ya ji ko shaf ne, tun da shaf ɗin da robarsa ta yage, man gris ya zube, yashi ya shiga, yakan yi "ƙwas-ƙwas-ƙwas" a jere a kan kwana. Shiru. Sai ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza ta, ta kuwa yi wasa a hannunsa. Gaɓar nan ce mai kan ƙwallo, wadda take riƙe ƙafar mota, ta cinye. Idan irinta ta fice ana cikin gudu, taya takan kwanta ƙarƙashin mota, sitiyari kuma ya daina jin magana. Na'urar matashin ba ta da waya a wannan wuri, saboda haka ba ta da abin cewa a kansa.

Da ya ciro gaɓar sai ya miƙa wa matata, wadda ta zo kawo mini kuɗin gyara. "Madam," in ji shi, "riƙe." Ta juya ƙwallon da ɗan yatsa ɗaya, ya faɗi gefe ba tare da wata turjiya ba. Ta daɗe tana dubansa, sa'an nan ta ce a canza na dama ma.