Irin Dawa Na Gado

A ƙasar Funtua da Malumfashi, in kaka ta yi, manomin kirki ba ya kai dawa rumbu sai ya ware zangarniyar da ta fi ƙoshi, ita ce irin baɗi. Haka kakanni suka yi ta yi har dawa ta kasu iri-iri, ga kaura mai rawayar ƙwaya, ga farafara, kowace da ƙasar da take so. Dawar gida kuwa ta san tsawon yini, watau ko da wuri aka shuka ta ko a makare, ba ta fid da kai sai ruwa ya kusa ɗaukewa, don haka ƙwayarta ba ta ruɓewa.

Masanan aikin gona na Samaru, inda aka fara gwaji tun 1922, daga kaurar manoma suka tace gajerar kaura. A shekarun 1950 aka kai kaura Amurka, aka haɗa ta aure da dawarsu saboda launin ƙwayarta. Haka nan sha'ir ɗin manoman Habasha da aka ɗiba a shekarun 1930, a jikinsa Turawa suka samo ƙarfin jure wata cutar ganye.

To, yanzu masara ta cinye gonakin dawa da yawa a yankin. Amma fa masani ba ya halittar hali, sai dai ya nemo shi inda Allah ya ajiye. In tsohon iri ya ɓace, ran da sabuwar cuta ko fari ya zo, ina za a nema? Manomin da ya bar wa dawar kakansa ko kunya biyar, ya yi wa jikokinsa ajiya.