Nawa Ya Zama, Ɗana?

Shekara shida ke nan ina zaune a wata 'yar rumfar katako a bakin titin Gumani, a nan Tamale, ina sana'ar zuba kuɗi da cire su ta waya, abin da kowa a Gana ya sani da MoMo. Ba ita na karanta ba. Koyarwa na karanta a kwalejin horon malamai ta Bagabaga, na kuma riƙe alli shekara huɗu a wani ƙauye kan hanyar Savelugu, kafin ciwon mahaifina ya dawo da ni gida. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa abin da zan ba da labarinsa bai same ni a cikin jahilci ba. Na san sunayen littattafai, na kuma ci jarrabawa a kansu.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu mai sayar da koko da ƙosai, wadda dukanmu Inna muke ce mata. Tun ina makarantar allo take cika mini kofi ba ta karɓi ko sisi ba, domin ni da autanta tare muka tashi, malami ɗaya ya yi mana bulala. Inna ba ta karatun boko. Da na buɗe rumfa, ita ce cikin mutanen farko da suka zo, ta kwance bakin zane ta zube mini kuɗi, ta ce na aikin hajji ne take tarawa, ta gaji da ɓoye su a tukunya. Tun 2016 da aka fara ɗibar alhazai kai tsaye daga filin jirgin Tamale, duk shekara sai ta tsaya ta bi jirgin da kallo. Kusan kowane mako takan kawo sidi ɗari ko ɗari biyu, wani lokaci 'yarta da ke aure a Kumasi ta turo mata ƙari. In na gama zubawa sai ta miƙo mini wayar, ta ce, “Nawa ya zama, ɗana?” Ni kuma in karanta mata. Shi ke nan duk takardar da ke tsakaninmu.

A watan Mayu na 2022, da gwamnati ta sa haraji kan tura kuɗi ta waya, mutane da yawa suka firgita suka kwashe nasu. Inna ma ta zo za ta kwashe. Ni na hana ta. Na ce harajin bai taɓa zubawa da cirewa ba, ta bar su nan sun fi tsaro. Ta bari saboda maganata.

Tun Afrilun 2021 aka kafa mana doka cewa kada mu ba kowa kuɗi sai ya nuna katin shaida, kuma sunan da ke kan katin ya zo daidai da na mai layin. Doka ce mai kyau, amma duk wanda ya zauna a unguwa ya san yadda take ƙarewa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta aiko jikanta, miji zai aiko matarsa, kai kuma ka san gidan, ka san fuskar. Inna ta sha aiko Auta da wayarta ya ciro mata kuɗin gero ko na mai, kuma ya san lambar sirrinta domin shi ya saka mata. Saboda haka da ya zo a watan Oktoba ya ciri 500, ban ɗaga kai ba. Bayan kwana goma ya ciri 1,000. A Nuwamba 2,000, sau biyu. Lokacin tsada ta kai inda ta kai, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamban shekarar, sai na ce wa kaina ai kayan koko ne suka yi tsada. Mai koko ba ta sayen geron sidi dubu biyu sau biyu a wata. Na san haka sarai. Amma kowane cira da kamashona a ciki, kuma zuciya ta iya kawar da kai daga abin da zai rage mata ciniki.

Inna ta yi wata uku ba ta zo da kanta ba saboda ƙafa. Ranar wata Talata a Fabrairun 2023, hunturu bai gama tafiya ba, sai ga ta da sandarta. Na zuba mata 200, saƙo ya shigo, na duba. A lissafinta ya kamata a ce ta haura 24,000. Abin da ke ciki bai kai 15,000 ba. Ta ce, “Nawa ya zama, ɗana?”

Na ce, “Inna, yau netwok ba shi da kyau, bai nuna ba.”

Ban shirya wannan ƙarya ba. Ta fito ne kamar atishawa. Ta yi mini addu'a ta tafi, ni kuma na buɗe littafin shiga da fita na tara abin da Auta ya cira: 9,300 cikin wata huɗu, duk da sa hannuna a gefe.

Da dare na same shi inda yake ajiye kekensa mai ƙafa uku, wanda muke kira yalo-yalo. Bai yi musu ba. Matarsa ta haihu da wahala a Oktoba, an riƙe jaririn a asibiti kusan mako uku, ga magungunan da sai an saya a waje. Da wannan ya fara, kuma na san gaskiya ne, domin na je dubiya. Sauran kuwa, da ya ga ramin ya yi zurfi, sai ya shiga cacar ƙwallo da nufin ya cike shi kafin Inna ta farga. Ya kama hannuna yana kuka, ya ce, “Don Allah ka rufa mini asiri. Wata uku kawai. Ka san tana da hawan jini, in ta ji, kai ka kashe ta.”

A daren ban yi barci ba, kuma a nan ne karatun kwaleji ya dawo mini. An koya mana cewa masana halin ɗabi'a na Turai sun rabu gida-gida. Akwai gidan Kant, Bajamushen da ya ce aikin ƙwarai shi ne wanda za ka yarda kowa ya yi irinsa a ko'ina, kuma mutum ba kayan aiki ba ne da za ka juya shi don cimma wata bukata. Har ya rubuta a 1797 cewa ko mai kisa ne ya zo ƙofarka yana neman abokinka da ka ɓoye, ba ka da iznin yi masa ƙarya. A aji mun yi wa wannan dariya, muka ce mutumin bai taɓa zama a zango ba. Akwai kuma gidan Bentham da John Stuart Mill na Ingila, masu cewa a dubi ƙarshen abu: wane zaɓi ne zai kawo alheri mafi yawa da cuta mafi ƙaranci ga duk wanda abin ya shafa.

Gidan na biyu na shiga, domin ya fi faɗi. Na yi lissafi kamar mai auna hatsi. In na yi shiru: Inna tana cikin kwanciyar hankali, Auta ya biya a hankali, aurensa bai girgiza ba, sunan gidansu bai zube ba. In na faɗa: tsohuwa za ta iya faɗuwa, uwa da ɗa su ɓata, kuɗin kuma ba za su dawo don na yi magana ba. Sau uku ina maimaita lissafin, sau uku yana ba ni shiru. Sai wajen asuba na lura da abin da ban sa a ma'auni ba, alhali shi ne ya fi nauyi: in magana ta fito, za a tambayi wanda ya ba da kuɗin ba tare da kati ba. Ana iya rufe mini layi. Unguwa za ta ce rumfar wane ba ta da amana. Mai riƙe da ma'aunin yana da kaya a kai, to yaya ba zai rinjaya ba?

Ban daddara ba, sai na nemi mafaka a wajen namu malaman. Na tuna Imam Gazali da Shaɗibi sun yi bayanin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya, kuma rai yana gaban dukiya. Na ɗauki wannan na tafi wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa, irin waɗanda Dagomba ke kira Afa. Na ba shi labari ba tare da suna ba, na kawo hujjata tsaf. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Wane likita ne ya ce maka gaskiya za ta kashe ta?” Na ce babu. Ya ce, “To wanda ya ci kuɗin ne ya ba ka wannan fatawa.” Ya ƙara da cewa rufin asiri da ake kwaɗaitarwa yana kan laifin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa, ko wanda ya riga ya wuce. Wannan kuwa haƙƙin wata ne, tana raye, tana tambaya, kuma ni ta tambaya. Da zan tashi ya ce, “Malam, amanar wa ke hannunka, ta uwar ko ta ɗan?”

Wannan tambaya ta tuna mini da kakana. Iyayensa fatake ne daga Kano da suka bi hanyar goro zuwa Salaga, kuma yakan ba mu labarin maigida, wato mai masaukin da baƙon ɗan kasuwa ke sauka wurinsa. Baƙo bai san gari ba, bai ji yaren ba, sai ya bar kayansa da kuɗinsa a hannun maigida, wani lokaci har shekara ta zagayo. Abin da maigida ke sayarwa ke nan: idonsa da harshensa a madadin wanda ba shi da su. Na dubi rumfata na ga sana'ar ɗaya ce. Inna baƙuwa ce a cikin wayarta.

Duk da haka ban tafi na faɗa mata ba. Na ce wa Auta daga yau ba zan ƙara ba shi ko sidi ɗaya daga layinta ba, kuma na ba shi zuwa Juma'a ya faɗa mata da bakinsa. Har yanzu ina ganin wannan daidai ne, domin ɗa ya fi cancanta ya kai kansa gaban uwarsa. Juma'a ta zo ta wuce. Ya roƙi wata, na ba shi. A tsakanin nan Inna ta zo sau biyu, sau biyu kuma netwok ya lalace. A karo na uku ta daɗe tana kallona kafin ta karɓi wayar.

Matata ce ta ƙarasa ni. Ba ta san Aristotal ba, wanda ya ce hali sabo ne, abin da kake maimaitawa shi kake zama, amma abin da ta faɗa ke nan. Ta ce, “Maigida, ranar farko ka dawo ba ka ci tuwo ba. Ta biyu ka ci rabi. Jiya ka cinye har ka nemi ƙari.” Wani Bature, Kirk-Greene, ya taɓa tattara halayen da Hausawa ke nufi in sun ce mutumin kirki, a wani ɗan littafi na 1974: gaskiya, amana, kunya, haƙuri, karamci, mutunci da sauransu. A takarda suna jere kamar 'yan uwa. A rumfata kuwa kunya ce ta danne gaskiya, zumunci ya shaƙe amana, kowannensu kuma yana da'awar shi ne kirkin.

Ranar Asabar bayan la'asar na tafi gidanta da littafina. Na tarar tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, na zo da magana marar daɗi, kuma da laifina a ciki.” Na karanta mata kwanan wata da adadi, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta faɗi ba, ba ta ma ajiye rariyar ba. Da na kai ƙarshe ta ce da Auta ya tambaye ta don jikanta, da ta ba shi duka, Makka ba ta gudu. Sannan ta yi shiru, ta ce, “Ranar da ka ce babu netwok, akwai?”

Na ce, “Akwai, Inna.”

“Duka ukun?”

“Duka ukun.”

Ta ce, “Shi ni na haife shi, na san abin da zai iya. Kai kuwa zaɓenka na yi.”

Na fito da kamashon da na samu a kan waɗannan cire-ciren, na lissafa shi tun a gida, ɗan abu ne da bai kai kuɗin buhun gero ba. Ta ce in mayar aljihuna. Washegari 'yarta ta kira daga Kumasi ta wanke ni tas, kuma ban ce uffan ba. Ba su kai ƙarata ko'ina ba. An canza lambar sirri, Inna ta koma zuba kuɗinta wurin wata yarinya mai rumfa a mahaɗar titi, ta fi tawa nisa, da sandarta take zuwa.

A shekarar kujerar hajji ta tashi daga sidi 39,000 zuwa 75,000. Ko da ba a taɓa mata ko sisi ba, da ba ta tafi ba. Na sha kawo wa kaina wannan don in ji sanyi, amma bai taɓa yi mini aiki ba. Auta ya biya kusan rabi, in ji matarsa. Shi da ni sai gaisuwar masallaci, kuma na ji yana cewa na tona masa asiri don in wanke kaina. Ban iya rantsuwa cewa babu gaskiya ko kaɗan a maganarsa ba.

Yanzu ba na ba kowa kuɗi daga layin wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai na kira mai layin na ji muryarsa. Na rasa masu ciniki saboda haka, har wani dattijo ya ce na zama Bature.

A azumin bana, wata safiya da rumfar yarinyar take rufe, sai ga Inna. Ta zo da wata jikarta 'yar aji biyar. Muka gaisa, ta tambayi matata da yara, ta kwance bakin zane ta ba ni 150. Na zuba, saƙo ya shigo, na miƙa hannu kamar yadda na saba. Ta ba yarinyar wayar, ta ce, “Karanta mini, nawa ya zama?”