Tsohuwar Mota da Lambarta ta Suna

A wani ƙauye cikin tsakiyar ƙasar Ingila akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya yi shekara uku yana gyaran motar mahaifinsa. Motar nan Morris Minor ce, ƙirar 1958, irin wadda manyanmu suka sani ƙwarai a titunan Ikko da Kaduna zamanin da Nijeriya ke tuƙi ta hannun hagu, kafin a juya a 1972. Mahaifin ya ajiye ta cikin rumfa a bayan gida tun wajen 1975, da nufin zai gyara ta in ya sami sarari. Sarari bai samu ba har rai ya yi halinsa.

Da dattijon nan ya bar aiki, sai ya janye tamfol ɗin da aka rufe ta da shi. Ɓeraye sun cinye kujeru, tsatsa ta huda ƙasan ƙofofi, inji ya kafe. Bai damu ba, domin kayan gyaran irin wannan mota ba su da wuyar samu a can: an ƙera fiye da miliyan ɗaya da rabi tsakanin 1948 da 1971, yawancinsu a Cowley kusa da Oxford. Ya bi ta sannu sannu, har 'yan hannuwan nan masu fitila da ke fitowa daga gefenta in za a yi kwana, sai da ya sa suka koma aiki. Ran da inji ya tashi, ya ɗauka an gama. Ashe wuyar aiki tana gaba, kuma ba a gareji take ba.

To, ya kamata mai karatu ya san al'adar Ingila game da lambar mota. Tun 1 ga Janairu 1904 doka ta wajabta kowace mota ta ɗauki lamba, kuma bisa ga al'ada lambar da aka yanka mata ran farko ita za ta bi ta har ta mutu, ko hannu nawa ta sake. Watau kamar sunan yanka. A da, hukumomin gundumomi da na birane ne ke ba da lamba, haruffa biyu daga ciki suna nuna inda aka yi rajista. Daga 1974 aka soma tattara dukkan rajistar cikin kwamfuta a babban ofishin da ke Swansea, aka kuwa sa wa'adi: motar da ba a kawo tsohon littafinta aka shigar da ita ba kafin ƙarshen 1983, ta fita daga lissafi. Wa zai tuna da mota mai barci cikin rumfa? Mahaifin bai aika da kome ba. Saboda haka allon lamba yana nan manne a jikinta, baƙi da haruffan azurfa, amma a idon doka wannan lamba ba ta kowa ba ce.

Akwai hanya mai sauƙi, ita ya fara bi. In ƙungiyar masu irin motar ta duba ta shaida shekarar da aka ƙera ta, sai ofis ya ba da wata lamba da ba a taɓa ba kowa ba, mai fasalin ta wancan zamani. Wannan ma sa'a ce, don motar da aka kasa tabbatar da shekarunta lamba mai farawa da Q ake ba ta, masu tsofaffin motoci kuwa suna gudunta kamar abin kunya. Aka ba shi lamba mai kama da ta 1958. Ya sa aka buga masa ita a baƙin allo, gama doka ta yarda. Tun 1973 sababbin motoci farin allo suke sawa a gaba, rawaya a baya, amma motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1980, aka kuma yi mata rajista cikin ajin motocin tarihi, tana iya riƙe baƙin allonta. Wanda ya sa shi a motar da ba ta cancanta ba, tara tana iya kai fam 1,000. Motar da ta wuce shekara 40 kuma ba a biyan harajin hanya a kanta.

Ya wanke ta, ya tuƙa mil goma sha biyu zuwa gidan da ake kula da mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara casa'in da biyu, wadda wani lokaci sunan jikokinta ma yakan ɓace mata. Aka turo ta bakin ƙofa cikin keke. Ta dubi motar daga sama har ƙasa, ta tsai da ido a kan allon, ta ce, "Kyakkyawa ce. Ta wane ne?"

Ya ce, "Mama, ai motar Baba ce."

Ta girgiza kai. Sa'an nan ta karanto tsohuwar lambar da ka, haruffa uku da lambobi uku, ba gargada, ta ce, "Waccan ce tamu. Wannan ka mayar wa mai ita."

Daren nan bai yi barci ba. Wani abokinsa dillalin motoci ya ce masa wahalar banza zai yi, domin lambar da aka maido wa tsohuwar mota ba a yarda a cire ta a sayar ba, alhali kuwa tsofaffin lambobi marasa harafin shekara kuɗi ne a kasuwa. Maganar dillali gaskiya ce, kuma hikimar dokar ke nan: da ana iya sayarwa, da kowane mai kwaɗayi ya tono gawar mota daga juji don ya yage mata suna.

Takardar neman maido da lamba ita ake kira V765, abin da take bukata kuwa shaida ce daga kafin 1983 wadda ta haɗa motar da lambar. Tsohon littafin motar shi ne sarkin shaidu, amma ya ɓata. Dattijo yana da hoton iyayensa tsaye gaban motar a bakin teku, lamba ta fito raɗau. Mutumin ƙungiya da ya zo dubawa ya riƙe hoton ya daɗe, sa'an nan ya ce cikin ladabi, hoto ya nuna akwai wata Morris mai wannan lamba, bai nuna ita ce wannan ba. Allo abu ne da kowa ke iya kwancewa ya ɗaura wa wata. Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar tun daga masana'anta, wadda makanikai ke kira lambar shasi. Maganar ta yi wa dattijo ɗaci, amma bai iya cewa ba daidai ba ce.

Ya kwashe wata biyar yana nema. Ya zazzage akwatunan mahaifinsa, bai sami kome ba sai rasit na taya. Daga nan aka ba shi shawara ya gwada gidan ajiyar takardun gundumar da aka fara yi wa motar rajista. Wannan caca ce, domin da aikin ya koma Swansea wasu gundumomi sun adana kundayensu, wasu kuwa an hallaka nasu. Tasu ta adana. Wata ma'aikaciya ta ɗauko masa kundi mai nauyi, suka bi layi layi da yatsa har watan Mayu na 1958. Ga lambar, ga lambar shasi a gefenta da rubutun wani akawu, ga sunan mahaifinsa da tsohon adireshinsu. Ya nemi kujera ya zauna.

Aka buga hatimi a kofen shafin, ƙungiya ta sa hannu, takardu suka tafi. Bayan 'yan makonni sabon littafin mota ya iso da tsohuwar lamba, an rubuta a ciki ba a canja ta zuwa wata mota. Bai buga sabon allo ba. Na asalin ya ɗauko, ya goge shi da ɗan mai, ya bar lanƙwasar da ke kusurwarsa tun ran da mahaifinsa ya daki ginshiƙin ƙofa.

Ran Lahadi ya koma wurin tsohuwa. Ta karanta allon a hankali, leɓunanta suna motsi. Ta ce a matso da ita kusa. Ta leƙa ta taga, ta shafa kujerar gaba, ta juyo ta dube shi, ta ce, "Wa ya ce ka sa ja? Kujerun ubanka kore ne."